Suruka Ba Ta Zo Ba

Ɗakin wasan kwalejin ba don wasa aka gina shi ba. Wurin koyon gyaran mota ne a da. Da aka rufe wannan sashen, aka kwashe injuna, aka kankare baƙin mai, aka kafa kwando biyu, sai aka bar wasu manyan ƙarafa guda biyu da suka ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, ɗaya a gaban kowane kwando. A jikinsu ake rataya injin mota. Injiniyan da aka kira ya duba ya ce idan aka cire su, rufin zai biyo su ƙasa. Aka bar su.

Koci ya gaji ƙarafan nan shekara ashirin da shida da suka wuce, tare da usur ɗaya da ƙwallo huɗu. Tarihi aka ɗauke shi ya koyar. Ƙwallon kwando ƙari aka yi masa, domin ya fi sauran malamai tsawo, kuma ya makara a taron da aka raba ayyuka. A makonsa na farko ya gano abin da kowa zai gano: duk wanda ya tsaya taku shida daga kwando, ya jefa ƙwallo yadda ake jefa ta ko'ina a duniya, ta yi sama ta lanƙwaso, to ƙarfe za ta tarar a hanya. Sai ka ji ƙau, ƙwallo ta faɗa hannun abokan karawa. Ya sayo fenti rawaya, ya durƙusa da gwiwoyinsa ya ja layi mai faɗin taku biyu daga bango zuwa bango, a kowane ɓangare. Ya kafa doka: a kan rawaya ba a jifa. Ko ka miƙa wa wani, ko ka ƙara taku biyu gaba. Wanda ya karya, shi da duk 'yan wasan sai sun zaga ɗakin sau goma a guje.

Wani ɗalibi mai bakin tsiya ne ya raɗa wa ƙarfen suna Suruka, wai a gabanta ba a ɗaga kai. Sunan ya zauna, ya ci ƙarafan biyu. Sabon ɗan wasa kan sha gudu wata guda, abokansa na zaginsa ƙasa-ƙasa suna haki, daga nan ƙafarsa ta haddace. Bayan shekara ɗaya ko fentin ba ya dubawa.

Baƙi kuwa ba su san da ita ba. Sukan zo da dogayen 'yan wasansu da sababbin takalma, su tsaya daidai inda aka bar musu fili, su yi jifa mai kyau, Suruka ta amsa. Kafin su gane an yi nisa. Koci bai taɓa jin kunyar wannan ba. Ya karanta yaƙe-yaƙe da yawa, ya san rabin jaruman da ake yi wa kirari rafi ne ko tudu ya ci musu yaƙin. A gida suna cin wasa, a waje ana cin su, haka aka yi ta yi, ba wanda ya damu.

Sai bana aka samu matsala: suka iya wasa.

Dalilin shi ne Bahago, ɗan ƙanwar Koci, kyaftin ɗinsu, wanda hannunsa na hagu ba ya ɓata jifa. Ga Bulo, mai faɗin ƙofar gareji, wanda ba ya magana sai an tambaye shi sau biyu. Ga Lauya, mai raba ƙwallo, wanda ke maganar da ta ishe su su uku. Suka ci wasannin gida duka, suka ci uku a waje, sai ga takarda ta iso: an gayyace su gasar kwalejoji, karo na farko tun da aka kafa makarantar.

Kwana biyu bayan takardar Shugaban kwalejin ya aiko a kira Koci.

Shugaban ba baƙo ba ne. Shi ne ɗalibin nan mai bakin tsiya. Yanzu ya yi tumbi da sanƙo, ya koyi magana a hankali irin ta masu zama a taro. Ya tashi ya ja wa Koci kujera da kansa, abin da ya tabbatar wa Koci ba alheri ba ne.

"Koci, hukumar gudanarwa ta zauna."

"Allah ya ba ta lafiya, Yallaɓai. Ai kullum a zaune take."

"Suna son ɗakin. Za a raba shi huɗu, a zuba kwamfuta. Ɗalibai sun yi yawa, ka sani."

"'Yan wasan fa?"

Shugaba ya juya biron da ke hannunsa. "Ba ɗaki, ba ƙungiya. Na yi iya yina. Na yi magana har murya ta dushe. Abu ɗaya na samo: idan kuka kai zagayen 'yan huɗu, ana nuna shi a talabijin, sunan makaranta zai fito. Sun ce in haka ta faru za su nemi wani wurin. An rubuta, na sa an sa hannu."

"Wasa biyu ke nan."

"Wasa biyu."

"Idan muka ci ɗaya fa?"

"Za a ba ku takardar yabo."

Koci ya miƙe. A bakin ƙofa Shugaba ya ce, da tsohuwar muryarsa ta da, "Koci, can babu Suruka fa."

"Na sani, Yallaɓai. Na taɓa fita daga garin nan."

Ya sani ɗin. Abin da ya hana shi sakat ke nan. Mako biyu gare shi ya kwance abin da ya shekara ashirin da shida yana ɗaurawa. A ɗakinsu ba zai yiwu ba, domin ƙarfen na nan, kuma ƙarfe ba ya jin bayani. Ya roƙi wata makaranta aron filinsu na waje. Ranar farko aka yi ruwa. Rana ta biyu aka sake. Rana ta uku suka tarar an cika filin da motocin masu taro. A ta huɗu suka samu awa ɗaya da rabi. Ya auna taku shida, ya jera su, ya ce su yi jifa.

Suka tsaya suna kallon sa kamar ya ce su zagi iyayensu.

"Koci, gwaji ne?" in ji Lauya. "Don ni ƙafata ta dama ba ta shirya gudu ba yau."

"Ba gudu. Jefa."

Suka jefa. Wasu suka shiga, wasu ba su shiga ba, ana ta dariya. Bahago ya zuba bakwai cikin goma. Koci ya ce wa kansa ya isa. Mutum idan ba shi da wata dabara, abin da ya samu shi yake kira isasshe.

Ranar tafiya ƙanwarsa, uwar Bahago, ta iso bakin bas da jakarta da kular abinci. Ma'aikaciyar jinya ce, ta yi musayar aikin kwana uku da abokan aikinta don ta samu zuwa.

"Wa ya gayyace ki?" in ji Koci.

"Wanda ya gayyace ka haihuwarsa. Matsa, Yaya, in wuce."

"Kujerun a ƙirge suke."

"To wani ya tsaya. Ga Lauya nan, bakinsa ma ya ishe shi jingina."

"Mama, ni me na yi?" in ji Lauya daga baya.

"Ba ka yi ba tukuna. Ina rage maka ne."

Awa bakwai suka yi a hanya. Direba, wanda ya fi Koci daɗewa a kwalejin, bai taɓa wuce gudun da ya saba ba, ko da Bulo ya roƙe shi da baki, abin da ya sa kowa ya waiwaya.

Da suka shiga babban ɗakin gasar, surutu ya ɗauke. Kujeru hawa-hawa har inda ido ke gajiya. Katakon ƙasa yana sheƙi, mutum na ganin fuskarsa. Su goma sha biyu suka tsaya a tsakiyar fili da jakunkunansu a kafaɗa, dukansu kai a sama. Rufin yana can nesa, fitilu na rataye a jikinsa ƙanana, ba abin da ya ratsa tsakani.

"Koci," in ji Lauya a hankali, "ina suka kai Suruka?"

"Ba ta zo ba," in ji Direba. "Ba a yi mata katin shiga ba."

Aka yi dariya, amma Koci ya lura da Bahago. Yaron bai yi dariya ba. Yana tafiya a kan katakon yana buga ƙwallo, da ya iso taku shida daga kwando, inda babu fenti, babu komai, sai ƙafarsa ta tsallake wurin da kanta.

Wasan farko, ranar Alhamis, da wata ƙaramar kwaleji ce irin tasu. Suka ci da maki tara. Bulo ya yi ta tura mutane ƙarƙashin kwando, Bahago ya yi ta zubawa daga nesa da kusa. Yaran suka rungumi juna, uwar Bahago ta yi ta kaɗa murfin kula. Koci kuwa idonsa na kan wani mutum a layi na uku, matashi mai gilashi da rigar da aka goge da kyau, riƙe da ɗan allon kwamfuta. Duk jifan da 'yan wasan Koci suka yi, sai ya dangwala yatsa a allon. Bai tafa ko sau ɗaya ba. Kocin jami'ar da za su kara da ita ranar Asabar ne.

Koci ya san hoton da ke kan allon nan kamar shi ya zana. Ɗigo-ɗigo cunkus a gindin kwando, ɗigo-ɗigo daga nesa, a tsakiya kuma wani fili fari fes, mai faɗin taku biyu, daga gefe zuwa gefe. Mutumin ba zai san dalili ba. Ba ya ma bukatar sani.

Ranar Juma'a aka ba kowace ƙungiya minti arba'in ta motsa jiki a filin. Koci ya kashe talatin a kan taku shida. Ƙwallayen na shiga, idan yana tsaye yana kallo, idan ba mai tsaron kowa, idan an ce ɗaya, biyu, uku.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, aka busa usur.

'Yan jami'ar dogaye ne, har da wani da Lauya ya ce sai an yi masa waya kafin ya ji gaisuwa. Amma tsawo bai tsorata Koci ba, ya saba. Abin da ya tsorata shi yadda suka tsaya ne. Uku suka cunkushe a gindin kwando suka kewaye Bulo. Biyu suka fito can waje suka manne wa masu jifan nesa. Tsakiya suka bar ta wayam, kamar an share don baƙi.

Lauya ya kutsa da ƙwallo, ya tsinci kansa shi kaɗai a taku shida, ba kowa kusa da shi. Ya ƙara taku biyu, ya faɗa cikin dogaye uku, aka make ƙwallon. Bahago ya samu wurin, ya miƙa wa wani. Wanin ya samu wurin, ya mayar masa. Suna ta zagaya filin nan fari kamar rami ne. 'Yan kallo suka fara gunaguni, wani daga sama ya ce, "Ku jefa mana, ko haya kuke jira a biya ku?"

"Babu Suruka!" Koci ya ɗaga murya daga benci. "Babu ita a nan!"

Alƙalin wasa ya waiwayo ya dube shi, ya dubi mutanen da ke bayansa, ko akwai wata tsohuwa da ake nema.

Duk da haka ba a tsere musu ba. Abin da ya fi ciwo ke nan daga baya. Da an lallasa su da maki talatin, da kowa ya koma gida da hankalinsa kwance. Amma Bahago ya yi ta zuba na nesa da mutum a fuskarsa, Bulo ya yi ta ƙwato ƙwallo da haƙarƙarinsa. Aka tafi hutun rabin lokaci ana bin su maki shida kacal.

A ɗakin sauya kaya Koci ya tsaya a gabansu. Ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai jawaban da manyan mutane suka yi kafin yaƙi, kuma ya daɗe da zargin cewa bayan yaƙin aka rubuta su. Nasa gajere ne.

"Sun bar muku taku shida. Kyauta. Duk wanda ya samu kansa a wurin ya jefa. Ko bai shiga ba, ba zan ce komai ba."

"Ba gudu?" in ji Lauya.

"Ba gudu."

"Koci, a rubuta."

"Kawu," in ji Bahago. A fili Koci yake ce masa kamar kowa, sai abu ya kai masa wuya yake cewa Kawu. "Ina sane. Wallahi ina sane. Ina isa wurin sai in ji kamar wani abu na saman kaina."

"Ba komai a saman kanka sai fitila."

"Na sani."

"To."

Bulo ya cire tawul daga fuskarsa. "Ni ma ina ji," ya ce, ba wanda ya tambaye shi.

Aka koma. Lauya ne ya fara gwadawa. Ya tsaya a taku shida, ya noƙe wuya, ya jefa ƙwallon a miƙe kamar mai jifan kare, ta bugi bakin kwando ta dawo. Wani ya gwada, ya tsaya tunani, dogon nan ya taho daga baya ya share ta. Bahago ya gwada sau ɗaya, ta zagaya bakin kwandon ta fito. Daga nan ba wanda ya ƙara. Suka koma abin da suka iya, kuma abin da suka iya ba kaɗan ba ne. Maki shida ya koma huɗu, ya koma bakwai, ya koma biyu. Koci ya duba bencin can, ya ga mai gilashi ya ajiye allonsa ya miƙe tsaye. Wannan kaɗai ya ɗan yi masa daɗi.

Saura daƙiƙa tara, ana bin su maki ɗaya, ƙwallo a hannunsu. Koci ya nemi hutun minti ɗaya.

Suka kewaye shi, gumi na ɗiga a kan takardarsa. Ya san abin da ya kamata ya zana: Bahago a taku shida, shi kaɗai, jifan da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai zuba. Ya ɗora biro a wurin. Ya dubi fuskar ɗan ƙanwarsa. Sai ya janye biron ya kai gindin kwando.

"Bulo. Lauya, ka kai masa ko ta halin ƙaƙa. Bulo, ka hau da su duka."

"Idan sun rufe shi fa?" in ji Lauya.

"To wanda ke a buɗe."

Kowa ya san wanda zai kasance a buɗe, da inda zai kasance. Ba wanda ya faɗa.

Usur. Lauya ya karɓa, ya wuce mutum ɗaya. Bakwai. Ya nemi Bulo, ya tarar mutum uku sun rufe shi, ko hannunsa ba a gani. Biyar. Bahago ya zame daga mai tsaronsa ya shigo tsakiya. Lauya ya cilla masa. Uku.

Ya karɓa a taku shida daidai. Da za a kawo fentin nan daga gida a shimfiɗa, da ƙafafunsa biyu na tsakiyar rawaya. Ba kowa kusa da shi. Kwando na gabansa, sama a buɗe har rufi. Ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga ƙwallon zuwa goshi, hannun hagun nan ya shiga ƙarƙashinta yadda ya saba.

Koci ya ga idon yaron ya yi sama. Ba kwando ya duba ba. Ƙiftawa ɗaya ce.

Sai ƙwallon ta sauko, ta bugi ƙasa sau ɗaya, ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta bi. Taku biyu, masu kyau, ba kuskure, yadda aka koya masa. Ya tarar da ƙirjin dogon nan. Ƙahon tashi ya yi ƙara ƙwallo na hannunsa.

Koci bai ji ihun 'yan jami'ar ba sosai. Yana tsaye da usur ɗinsa a aljihu, yana tunanin cewa a shekara ashirin da shida bai taɓa samun ɗalibin da ya koyi darasi kamar wannan ba.

Aka yi layi aka gaisa. Mai gilashi ya riƙe hannun Koci da hannu biyu, cikin ladabi.

"Baba, kun ba mu wuya. Amma don Allah in tambaye ka. Na duba wasanninku, na rasa gane abu ɗaya. Me ya sa ba kwa jifa daga tsakiya? Tsari ne?"

"Tsari ne," in ji Koci.

"Na faɗa wa mataimakina. Na ce akwai hikima a ciki."

"Akwai. Nauyinta tan biyu da rabi."

Mutumin ya yi murmushin wanda bai gane ba, ya wuce.

A ɗakin sauya kaya ba wanda ya cire takalmi. Bahago na zaune a ƙasa, bayansa a jikin bango, har yanzu ƙwallon na cinyarsa, sai da wani ma'aikaci ya leƙo ya ce ta gasar ce, a ba shi. Uwarsa ta shigo ba sallama, ta durƙusa ta duba gwiwarsa da ta goge, ta wanke, ta manna filasta. Gwiwar ba ta bukatar komai. Uwar ce ke bukatar abin yi.

A waje ta tarar da yayanta a jingine da bas.

"Yaya."

"Faɗi."

"Ba abin da zan faɗa."

"Ki faɗa dai. Tun kina goye ba ki taɓa barin magana ta kwana ba."

Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Shekararsa ta farko, ya dawo gida hutu, ina aikensa ya ɗauko min abu a kan kabad, sai na ga ya matsa gaba kafin ya miƙa hannu. Na yi dariya a lokacin." Ta dube shi. "Ka ci abinci?"

"A'a."

"Akwai saura a kula."

Wayarsa ta yi ƙara. Shugaba ne.

"Na ji, Koci. Direba ya kira ni."

"To ka rage min aiki, Yallaɓai."

"A ina ya tsaya?"

"Ka san inda ya tsaya."

"Ni ma da taku biyun zan yi," in ji Shugaba. "Har yau, in na shiga ɗakin nan duba wani abu, ba na taka rawaya." Ya yi gyaran murya, muryar taro ta dawo. "Litinin ma'aikata za su fara awo. Na so a ba ku mako guda, ba a yarda ba."

"Takardar yabon fa?"

"Koci."

"Tambaya na yi."

Suka kwana a masauki, suka kama hanya da safe. Awa bakwai, Direba bai ƙara gudu ba, bai rage ba.

Litinin da hantsi Koci ya je kwashe kayansa. Ba su da yawa: ƙwallo goma sha ɗaya, famfo, akwatin magani, da ragowar gwangwanin fenti da ya bushe tun tuni. Ya tarar an buɗe ƙofofin biyu. Wani magini da tef ɗin awo a ƙugu yana jan layi da alli a kan katako, abokin aikinsa na riƙe da bakin igiya.

"Malam, kai ne mai wurin?" in ji maginin.

"Har zuwa shekaranjiya."

"Wannan ƙarfen fa, ka san abin da ya sa aka bar shi?"

"Shi ke riƙe da rufin."

Maginin ya ɗaga kai ya ƙare masa kallo, ya bi shi da ido har bango. "To. Ba ruwanmu da shi. Silin za mu yi a ƙasansa, ba wanda zai ƙara ganin sa."

Bahago ya shigo a lokacin, da kayan gida, da littattafai a hannu, filastar na nan a gwiwarsa ƙarƙashin wando, ana ganin tudunta. Ya gaida magina. Ya ajiye littattafan a ƙasa, ya zaro ƙwallo ɗaya daga buhun kawunsa, bai nemi izini ba. Ya taka har tsakiyar rawaya ya tsaya.

Koci ya buɗe baki, don shekara ashirin da shida ba wasa ba ce, sai ya rufe.

Yaron ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga ƙwallon zuwa goshi, bai dubi komai ba sai kwando. Ya sake ta. Jifa ne mai kyau, mafi kyau da Koci ya taɓa gani a ɗakin nan. Ta tashi tana juyawa a hankali, ta yi sama yadda ake so.

Ƙau.

Ƙura ta zubo daga ƙarfen. Ƙwallon ta dawo ta wuce kan Bahago, ta gangara ta bi ta kan sabon layin alli, ta fita ƙofa.

"Ka gani, Kawu?"

"Na gani."

Suka tsaya. A waje wani ɗalibi ya tare ƙwallon da ƙafa, yana waige-waigen mai ita.

"Malam," in ji maginin, yana jan igiyarsa, "don Allah ku ɗan matsa. Nan bango zai bi."

Suka matsa. Su biyun, ba tare da sun duba ƙasa ba, taku biyu gaba.